RIGAR TA FITO, MAI RIGAR BAI FITO BA: WAIWAYE KAN HOTON BAƘI DA FARI

Yau dai zan ɗan jingine labarin soyayya a gefe, in ɗauko wani zance da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato tarihin hoton nan na baƙi da fari da iyayenmu da kakanninmu suka ɗauka, wanda yanzu yake ƙarewa a ƙasan adaka da bakin gara ba tare da wani ya ce uffan ba.

Ni mutumin Mairuwa ne ta ƙasar Faskari, nan kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 1985 ina ɗan shekara huɗu, kuma abin da ya rage a hannunmu na kamanninsa hoto ne guda ɗaya tak, wanda aka ɗauka a Funtuwa a kakar auduga ta 1975, ranar da ya kai kaɗarsa fuloti ya karɓi kuɗi ya sayi sabon keke. A hoton yana tsaye ya dafa keken, sanye da farar babbar riga. Komai ya fito raɗau, aikin wuyan rigar har zarensa za ka iya ƙirgawa, ga ƙararrawar keke, ga takardar da aka naɗe ƙarfen da ita ko ɓarewa bai yi ba. To amma fa fuska babu. Daga bakin hula zuwa wuyan riga baƙi ne ƙirin, babu ido babu hanci. Ina yaro na sha ɗaukar hoton nan in kai shi gaban fitilar ƙwai ina jujjuyawa, wai ko zan ga wanda ya haife ni. Tambayar da na tashi da ita ke nan: me ya sa riga ta fito, mai riga bai fito ba? Neman amsarta ne ya jefa ni cikin wannan tarihi, kuma Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalin abin dai ba daga Turai ya faro ba. Wani malami mutumin Basra mai suna Alhasan Ibnul Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040, shi ne ya rubuta Kitabul Manazir, inda ya tabbatar da cewa gani yana faruwa ne domin haske ya taso daga abu ya shiga ido, ba wai ido ne ke fitar da haske ba kamar yadda wasu magabata suka ɗauka. Ya yi gwaji da ɗaki mai duhu wanda haske ke shiga ta ƙaramar kafa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da ƙyaurensa na langa-langa ya huje ya san abin da nake faɗi, domin da hantsi za ka ga surar masu wucewa a tsakar gida tana tafiya a bango, kai ƙasa ƙafa sama. Wannan ɗakin shi ne kyamara, domin kalmar ma a Latinanci ma'anarta ɗaki ke nan.

Abin da ya gagara shekaru aru-aru shi ne yadda za a riƙe surar nan ta zauna. Sai a 1826 ko 1827 wani Bafaranshe mai suna Niépce ya samu ya kama surar abin da yake gani ta tagarsa a kan farantin ƙarfe, kuma sai da ya bar farantin awanni masu yawa, har ta kai a hoton rana ta haska bangon dama da na hagu gaba ɗaya. A 1839 aka shelanta hanyar abokin aikinsa Daguerre a birnin Faris, wadda ake lissafawa a matsayin shekarar haihuwar hoto. Kalmar da muka aro muka mayar hoto asalinta ta Girkanci ce, tana nufin rubutu da haske. Larabawa kuwa sura ta rana suka kira shi.

A ƙasar nan ta bakin teku hoto ya shigo, kuma tun farko akwai baƙar fata a cikin sana'ar. Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, shi ya ɗauki hoton nan da ya shahara na Sarkin Bini Ovonramwen a cikin jirgin ruwa a 1897, lokacin da Turawa suka tuɓe shi za su kai shi Kalaba. George Da Costa na Ikko kuma ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta nufo Arewa, wadda ta iso Kano a 1911, kafin daga baya reshenta ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya dire Ƙauran Namoda a 1929.

Sai dai mu nan Arewa haɗuwarmu ta farko da kyamara ba ta daɗi ba ce, domin tare da bindiga ta zo. Bayan yaƙin Burmi na ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, masana tarihi sun rubuta cewa Turawa sun ɗauki hoton kansa suka riƙa nunawa a garuruwa domin kowa ya tabbata ya mutu, masu niyyar hijira su bi shi su haƙura. Wanda ya fara sanin hoto ta wannan fuska ba a ga laifinsa ba in ya tsorace shi. Kakata ta wajen uba har ta tsufa tana cewa akwatin nan kurwar mutum yake kamawa kamar maye.

Sannu a hankali sarakuna suka saba da shi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya tafi aikin hajji ya kuma ziyarci Ingila a 1921, kuma hotunansa na nan birjik, shi da magajinsa Usman Nagogo, wasu a kan doki a filin folo. An ɗauki hotunan hawan daba da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Talaka kuwa ta jarida hoto ya iso masa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ita ta sa mutumin ƙauye ya ga fuskar manyan da da sai dai ya ji sunansu. In ka ƙura wa hoton tsohuwar jarida ido za ka ga ba komai ba ne illa ɗigo-ɗigon baƙin tawada, inda suka yi kauri inuwa ce, inda suka yi siriri haske ne.

Wani abin mamaki, su ma malamai da suka zo duba hukuncin hoto a kan maganar inuwa suka tsaya. A mazhabarmu ta Malikiyya an bambanta tsakanin surar da take da inuwa, wato gunki mai jiki da aka sassaƙa, da wadda take shimfiɗe a takarda ko a tufa ba ta da inuwar kanta, ta farkon ita aka fi tsanantawa a kai. Shaihu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar ya rasu a 1935, ya rubuta ɗan littafi inda ya ce hoton kyamara tsare inuwa ne kawai, kamar abin da mutum ke gani a madubi, ba kwaikwayon halitta ba. Wasu manyan malamai kuma, irin su Shaihu Bin Baz, sun hana sai da lalura. Ni ba malami ba ne, ban isa in raba gardama ba. Abin da na sani shi ne lalurar ce ta shigar da hoto gidajen da suka daɗe suna gudunsa: fasfon aikin hajji, lasin tuƙi, takardar makaranta, shiga soja.

Daga nan masu hoto suka bazu a garuruwan da ke bakin dogo, akasarinsu baƙi ne daga Kudu, suna zaune a Sabon Gari ko kusa da tasha. Akwai masu akwatin katako mai ƙafa uku, waɗanda ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle, su wanke maka hoton a cikin akwatin nan take kana tsaye. Da farko abin da ke fitowa juyayye ne, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, shi ne Bahaushe ya kira dodon hoto, sai an sake ɗaukar dodon nan sannan mutum ya fito a yadda yake.

A ƙasashen maƙwabta wannan sana'a ta fitar da gwanayen da duniya ta sani. Seydou Keita ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ara masa rediyo ko agogo ko keke ko babur ya riƙe. Dubban dodon hotunansa ya adana. A 1991 aka baje wasu daga cikinsu a birnin New York an rubuta wai ba a san mai ɗaukar ba, sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi da ransa, sannan a 1994 aka yi baje kolin aikinsa da sunansa a Faris. Malick Sidibe, shi ma na Bamako, ya karɓi kyautar Zakin Zinare a Benis ta Italiya a 2007. A Yamai akwai Philippe Koudjina wanda ya ɗauki samarin birnin bayan samun 'yanci. A nan gida kuma J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara wajen hoto dubu, mafi yawa ta ƙeya ya ɗauka, bango fes babu ado, haske ya biyo ta gefe yadda kowane layin kitso zai tashi da 'yar inuwarsa. Mu namu gwanayen na Funtuwa da Malumfashi da Gusau fa? Har yau suna nan a matsayin da Keita yake a 1991, ba a san mai ɗauka ba.

Ɗaya daga cikinsu na sani. A 1996, ina sakandare a Funtuwa, aka ce mu kawo fasfo na jarrabawa. Mai kala ya fi ƙarfin aljihuna, sai aka kwatanta mini wani dattijo Bayarabe da ya shekara fiye da talatin a garin, wanda har lokacin yake yin baƙi da fari. Baba mai hoto kawai muke ce masa. Ranar da na koma karɓar fasfona sai na tafi da hoton mahaifina a cikin littafin lissafi.

Na ce, "Baba, don Allah a sake wanke mini wannan, fuskar ta fito."

Ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ina dodonsa?" Na ce babu. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wanda ya ɗauki hoton nan rigar ya ɗauka, ba mai rigar ba. Dubi inuwar keken, a ƙarƙashinsa take. Rana tsaka ke nan. Abin da haske bai rubuta ba babu ruwan maganin da zai fito da shi."

Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya ja ni cikin ɗakin wankin hoto, ya kunna wani jan ƙwai, ya fara yi mini bayani. Fim da takardar hoto gishirin azurfa aka shafa musu. Inda haske ya taɓa, in an tsoma a ruwan magani na farko sai ya yi baƙi, ruwa na ƙarshe kuma ya wanke sauran gishirin da haske bai taɓa ba domin hoton ya zauna. Takardar ba ta jin jan haske, shi ya sa ake aiki da shi, amma fim sai a duhu ɗungum. Maganin kuma sanyi yake so, wajen digiri 20, saboda haka a zafin bazara cikin ruwan randa yake ajiye kwalabensa. Na ga yadda yake haska dodo a kan takarda, ya sa tafin hannu yana kaɗawa a kan fuska domin ya tare mata haske kada ta ƙone, ya bar riga ta sha da yawa.

A nan na gane matsalar. Idon ɗan Adam yana iya ganin farar riga a rana da baƙar fuska a ƙarƙashin hula lokaci guda, amma takarda ba ta iyawa, sai an zaɓa mata. Wanda ya ɗauki mahaifina ya san baƙauyen da ya sayi keke so yake keke da riga su fito, sai ya auna haskensa a kansu, fuska ta tafi a banza. Daga baya na karanta cewa wani Ba'amurke mai suna Ansel Adams da abokinsa Fred Archer, wajen 1940, sun kasa abin da ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat gida goma sha ɗaya, daga 0 zuwa 10, suka koyar da cewa mai hoto ya auna haskensa a kan inuwar da yake so a ga abin da ke cikinta, sannan ya lallaɓa farin a wajen wanki. Baba bai taɓa jin sunan Adams ba, amma abin da hannunsa ke yi ke nan.

Bugu da ƙari, kayan aikin kansu ba da fatarmu aka auna su ba. Wata mai bincike 'yar Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 yadda kamfanin Kodak tun shekarun 1950 yake raba wa masu wankin hoto mai kala wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda da shi ake daidaita injin. Wato mai ɗaukar baƙin mutum sai ya haɗa da dabararsa. Wani baƙar fatan Amurka, Roy DeCarava, ya shahara da hotunan mutanen unguwar Harlem masu duhu sosai, amma in ka natsu sai ka ga a cikin duhun nan akwai baƙi kala-kala, kowane da abin da yake nunawa. Haka nan hotunan Sardauna da Tafawa Ɓalewa na 1960, ga farin rawani ga baƙar fuska kuma duk sun fito, wannan aikin wanda ya san hannunsa ne.

Dokokin Baba uku ne. Kada ka ɗauki mutum rana tsaka, domin haske daga sama yake saukowa ya mayar da idanu ramuka, sai da hantsi ko la'asar sakaliya. Ka zaunar da shi a bakin inuwa, kamar ƙofar zaure, haske ya zo masa ta gefe guda. Sannan ka sa a riƙe farin zane ta ɗaya gefen ya maido masa da ɗan haske. Ya ce ranar da ya fi so a shekara ita ce ranar hazo, domin hunturu kan tace rana ta yi laushi.

Da ƙaramar sallar shekarar na lallashe shi ya hau babur ya zo Mairuwa ya ɗauki kakata. Da ta gan shi da kyamara a wuya sai ta ja mayafi ta ce, "Maigida, yau kuma mai kama kurwa ka kawo mini? Kishiya za ka yi ka ke son ka gama da ni?" Da ƙyar da wasa da dariya ta zauna a ƙofar ɗakinta bayan la'asar, ƙanwata ta riƙe farin zane ta dama. Hoton nan yana gabana yanzu. Rabin fuskarta a haske, rabi ya shige inuwa a hankali, tsagar gadonta da kowace tamoji sun tashi kamar kunyoyin gona, ga ɗan haske guda a ƙwayar idonta. In da filasha aka watsa mata ta gaba da duk wannan ya shafe, ta fito sumul kamar faranti. Inuwar da ta cinye mini fuskar uba ita ce ta ba ni fuskar kaka, bambancin kawai hannun da ya auna ta. Ko a rubutun littafi na ci moriyar wannan, domin jarumin da ba shi da aibi ko ɗaya fasfo ne mai filasha, mai karatu ba ya riƙe kamanninsa.

Hoto mai kala ya mamaye kasuwa tun daga shekarun 1980, wayar salula ta shigo a 2001, ba a daɗe ba kowa ya zama mai hoto, har kamfanin Kodak kansa ya shelanta karyewa a 2012. Baba ya koma garinsu, kuma da na je tambayar kwalayen dodon hotunansa sai aka ce wanda ya kama shagon ya zubar da su a bola. Fuskokin mutanen ƙasar Funtuwa na shekara talatin ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa laifina ne. A 2019 wajen wani biki gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke aure a wani ƙauye yamma da mu, ta ce mini ai tana da hotonsa na angwanci, a zaune cikin shago, fuska tar. Na ce zan zo in karɓa. Hanya ta riga ta fara lalacewa da 'yan bindiga, na yi ta cewa sai ƙura ta lafa. Ƙura ba ta lafa ba. Aka yi harin Kadisau a Yunin 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka yi ta kwararowa Funtuwa. A 2021 aka ƙone ƙauyen su gwaggo, ta tsira daga ita sai zanen jikinta. Da na je yi mata jaje ban iya tambaya ba, domin ana maganar rayuka wa ke maganar takarda? Ita ce da kanta ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, hoton Yaya ma yana cikin adakar."

Kwanan baya wani ɗan yayana ya ɗauki hoton keken da wayarsa ya sa a irin manhajar nan da ke gyara tsofaffin hotuna. Cikin minti guda sai ga fuska ta fito, da kala, wani kyakkyawan mutum mai hasken fata da siririn hanci yana murmushi. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Muka ruga wajen Inna. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta daɗe, sannan ta miƙo ta ce, "Wannan kuma ɗan wane gari ne? Ni dai ba shi na aura ba. Mahaifinku baƙi ne wuluk, kuma yana da bille." Na'urar ba ta ga komai a cikin duhun nan ba, sai ta ƙago mini uba daga fuskokin wasu. Tsorona shi ne nan da shekara hamsin jikokinmu su ɗauki wancan baƙon su rataya a bango. Na sa yaron ya goge shi a gabana.

Saboda haka, mai karatu, roƙona ɗaya ne. In akwai tsohon hoto a gidanku ko a gidan wata gwaggo, kada ka ce sai gobe. Ka ɗauke shi da waya a inuwa ba tare da filasha ba, ka tura wa 'yan uwa uku ko huɗu a garuruwa daban-daban. Ka zauna da tsofaffi tun suna raye su faɗa maka wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara ce, ka rubuta a bayansa da fensir. Kada ka manna masa leda mai zafi, kada ka bar shi a danshi ko a rana. Wanda ya shafi tarihin gari kuma, akwai Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, akwai Gidan Makama a Kano, akwai gidan tarihi a tsohuwar Kwalejin Katsina, a kai musu kwafi. In kuma akwai hatimin mai hoto a bayan takardar, a rubuta sunansa, ya ci a tuna da shi.

Ni dai na mayar da nawa cikin littafin lissafin nan inda yake tun 1996, da rigarsa da kekensa. Wani lokaci in na ɗauko shi Inna kan sa yatsa a kan baƙin ta ce nan billen yake. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Wassalamu alaikum.